Tabawa da Gaiwar Tafki

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wata mata ce wai ita Tabawa, maginiyar tukwane. A bayan garinsu akwai wani tafki mai bado da kainuwa. Kifi na ciki, kwaɗi na baki, shanu na zuwa sha. A ƙasan tafkin kuwa akwai wata tsohuwar Gaiwa. In rani ya yi, ruwa ya ja baya, sai ta shige taɓo ta kwanta har damina.

Wata rana Tabawa ta zo da fartanya da kwando. Sai Gaiwa ta leƙo, ta ce, "Sannu, baiwar Allah. Me ake nema?"

Ta ce, "Yumɓu, kwando ɗaya."

Gaiwa ta ce, "Ɗebi na gefe. Na tsakiya kam ki bar shi, shi ke riƙe mana ruwa. Ƙarƙashinsa rairayi ne zalla."

Tabawa ta ce to. Ta ɗebi na gefe, ta gina tukwane, ta gasa. Suka yi kyau. Tun daga nan suka zama ƙawaye.

Da wani ranin ya zagayo, na gefe ya ƙare. Sai ta matsa ciki kaɗan. Ashe yumɓun nan ya fi laushi. Randar da aka gina da shi, ruwanta har haƙori yake kamawa don sanyi. Mata suka riƙa zuwa daga nesa.

Gaiwa, da ba ta riga ta kwanta ba, ta ce, "Ƙawata, kin iso kusa da makwancina fa."

Ta ce, "Kwando ɗaya ne kawai, me zai rage?"

Gaiwa ta ce, "Bara ma ɗaya kika ce."

Rani na uku, Tabawa ta shiga tsakiya. Ta kira, "Gaiwa! In ɗiba?" Shiru. Gaiwa na can cikin taɓo tana barcinta. Sai Tabawa ta ce, "Tun da ba ta hana ba, ta yarda ke nan." Ta yi ta haƙa, ta yi ta haƙa, har fartanya ta taɓo farin rairayi.

Sai damina ta sauka. Ruwa ya gangaro ya cika tafki. Kafin a kwana biyu, rairayi ya shanye shi tas. Aka sake yin ruwa, ya sake shanyewa. Bado bai fito ba. Kwaɗi suka zuba ƙwai, rana ta ƙone su. Da babu kwaɗi, ƙwari suka far wa gonaki. Makiyaya suka kora shanunsu gaba, balbela ta bi su, gonaki suka rasa taki.

Tabawa ta ruga tafki. Ta tarar da Gaiwa a ɗan kwatami, bayanta ya bushe.

Ta ce, "Ƙawata, yi haƙuri! Yanzu zan mayar miki da yumɓunki."

Ta koma gida a guje. Ta kwaso randuna da tuluna, ta farfasa su a tsakiyar tafki. Ta zuba ruwa, ta tattaka, har ƙafafunta suka yi jini. Ko kaɗan ba su narke ba.

Gaiwa ta ce, "Bari haka, Tabawa. Sun riga sun shiga wuta."

Ta ce, "To yaya zan yi?"

Gaiwa ta ce, "Zauna kusa da ni. Ki tare mini rana."

Sai Tabawa ta zauna, ta buɗe mayafinta ta yi mata inuwa, tana kuka. Kafin la'asar Gaiwa ta cika.

Tabawa ba ta ƙara gina ko kasko ba. Wurin kuwa har yau tsingaro ne tsibi guda, ko ciyawa ba ta fita.

Ƙurunƙus kan kusu. Ku dai ku riƙe, taɓon da kuke takawa ba ya numfashi, amma masu numfashi da yawa a kansa suke. Ku tashi ku kwanta.