Geron Baba Cindo a Watan Rani

Gwamnati ta karɓe gonar Baba Cindo za ta haƙa magudanar ruwa, aka kuma hana shi diyya, wai wurin fili ne kawai. Ya ɗauki lauya, Barista Tabawa, suka je gaban kwamitin diyya ana tsakiyar rani.

Shugaban kwamitin ya ce, "Dattijo, mun je mun gani, ko kara babu. In gona ce, ka nuna mana gero a tsaye yau ɗin nan."

Baba Cindo ya raɗa wa lauyar, "'Yar nan, ko kakana bai taɓa tsai da gero a wannan wata ba."

Ta miƙe ta ce, "Ranka ya daɗe, mun yarda. Amma me za a yi da filin?"

"Magudana. Ambaliya na cin unguwar."

"Madalla. Mu tafi tare, ka nuna mana ambaliyar, mu nuna maka geron."

Shugaban ya yi dariya. "Haba Barista! Wa ya taɓa ganin ambaliya da rani? Ai sai damina."

"To in abin da ba a gani yau ba babu shi, babu ambaliya, a bar wa Baba gonarsa. In kuwa ana jiran damina, a biya shi geronsa. Wanne za a rubuta?"

Shugaban ya daɗe yana goge tabarau, sannan ya ce a rubuta gona.

Baba Cindo ya ce, "Ranka ya daɗe, har da wake nake sakawa a tsakani."