Makullin da Sallau Ya Zare

An taɓa yin wani bawan Allah a wani gari, sunansa Sallau. Shekara da shekaru ana cewa shi ya kunyata garin ranar buɗe sabuwar kasuwa, wai bai iya aikinsa ba. Ni kuwa in na ji bakin jama'a ya zo ɗaya, a nan nake fara tambaya. Ku saurara.

Sana'arsa harba wutar biki, irin wadda ke fashewa a sama kala-kala. Ba da ashana ba. Akwati gare shi, kowane bututun wuta da wayarsa, kuma in ba a murɗa makulli ba, ko sau ɗari aka danna maɓalli ba abin da zai tashi.

Ran nan ya jera bututunsa can bayan rumfar manya, ya share wurin fes, ya kewaye da igiya. Aka ja maɓalli ɗaya zuwa teburin babban baƙo, shi zai danna.

Manya suka yi magariba suka dawo. Direbobinsu, da suka tsaya gadin motoci, sai lokacin suka samu sarari. Ko'ina leda da ɓawon rake. Wuri ɗaya ne mai tsabta. Suka tsallaka igiya, suka ta da kabbara.

Sallau ya ɗago kai daga akwatinsa, sai ga mutum bakwai a ruku'u, taku biyu daga bututu. Ya zare makulli, ya jefa aljihu.

Babban baƙo ya danna. Shiru. Ya sake dannawa. Aka fara dariya.

Shugaban kwamiti, Alhaji Mamuda, ya kira shi ta oba-oba, 'yar rediyon hannu. "Kai Sallau! Me ke faruwa?"

"Ranka ya daɗe, a ba ni minti biyar."

"Minti biyar na uban wa? Lalacewa ta yi?"

Sallau ya san in ya faɗi gaskiya, gobe mutum bakwai ba su da aiki. Ya ce, "A ba ni minti biyar, ranka ya daɗe."

Kafin direbobin su sallame, baƙo ya tashi da fushi. Ba a sake kiran Sallau biki ba. Gyaran fanka ya koma, a wannan kasuwar, har ya rasu.

Ina na ji? Daga bakin Iro direba, ya tsufa tukuf. Ya ce mini, "Hajiya, ni na ja sallar. Muna sallamewa Sallau ya ce mu bi ta gefe, kada mu taka waya, kuma mu ja bakinmu."

To, ku da ke nan, kowannenku akwai wanda ya yanke wa hukunci daga cikin rumfa, bai leƙa bayanta ba. Ku leƙa kafin ku ce wane bai iya ba. In kuma makullin a hannunku yake, ku ƙyale a yi muku dariya.

Akwatin lafiyarsa ƙalau. Sallau ne ya zare makulli, don mutum bakwai na salla.