Maganar da Aka Yanke wa Kai da Wutsiya

Akwai wani dattijo a Aliero, Malam Ayuba, manomin albasa tun iyaye da kakanni. Shi ne bakin manoman unguwarsu. In dillalai suka zo daga Kudu, shi ake turawa gaba. In rigima ta tashi kan ruwan fadama, maganarsa ce ke kashe ta. Ba shi da bene, ba shi da mota, amma yana da suna.

Babbar 'yarsa Zinatu tana aure a Jega. Sana'arta ɗaukar bidiyon biki a ɓangaren mata, inda namiji ba ya shiga. Da waya take ɗauka, da waya take tacewa.

Wata kakar albasa sai ga wani saurayi, Zayyad, ɗan Maiyama da ya ɗan zauna birni har ya koma yin Hausar Kano. Ya zo da kyamara, ya ce gajeren fim zai yi kan noman albasa, zai kai shi bikin fina-finai domin duniya ta san Aliero.

Malam Ayuba ya karɓe shi hannu biyu. Ya ba shi masauki, aka dama masa fura, aka zagaya da shi gona da rudu, inda ake jibge albasa ta sha iska. Da aka kafa kyamara, dattijo ya gyara hula ya ce:

"Mutanen birni na cewa, mu manoman albasa matsiyata na, ba mu da komi sai roƙo. To ka hwaɗa musu ƙarya ta! Albasarmu har bakin teku ana cin ta."

Zayyad ya tafi. Bayan watanni aka ji fim ɗinsa ya ci lambar yabo a wani biki can Legas. Aka ga hotonsa da kwat, yana rungume da kofi.

Sannan guntun fim ɗin ya faɗo wayoyin mutane.

Zinatu tana gidan wani biki wata ƙawarta ta miƙo mata waya. Ga mahaifinta, ga hularsa, ga muryarsa:

"Mu manoman albasa matsiyata na, ba mu da komi sai roƙo."

Shi ke nan. An sare kan maganar, an sare wutsiyarta. An sa busar sarewa mai ban tausayi a ƙasa, an haɗa da hoton ruɓaɓɓiyar albasar da kowane manomi ke zubarwa a bayan rudu. Ga fassarar Turanci a ƙasan hoto, don kada wani baƙo ya rasa rabonsa na tausayi.

Ku dubi wannan aiki, jama'a! Mutum ya ci abincinka, ya kwana ɗakinka, ya ɗauki bakinka ya zage ka da shi.

Aliero ta ɗauki zafi. Manoma suka ce Malam Ayuba ya kai su kasuwar duniya ya sayar da mutuncinsu. Ya rantse ba haka ya faɗa ba. Suka ce, "Malam, ga bakinka shina motsi. Aljani yay yi maganar?" Suka naɗa wani ya riƙa yi musu magana da dillalai. A tasha, 'yan kamasho na ganinsa sai su ce, "A ba Sai-Roƙo hanya!"

Dattijo ya daina zuwa kasuwa. Daga baya ko zauren gidansa ya daina zama.

Zinatu ta hau mota har Maiyama. Ta tarar da Zayyad a shagonsa, kofin nan a kan tebur an goge shi yana walƙiya. Ta gaishe shi da ladabi, ta roƙe shi ya fitar da maganar yadda aka yi ta.

Ya yi dariya. "Hajiya, wannan shi ake kira tacewa. Fasaha ce. Alƙalan gasa ba sa ba da kofi don manomi ya ce ya ƙoshi."

"To ka ba ni na asalin in nuna ma mutanenmu."

"Na goge. Kuma ai babanki godiya ya kamata ya yi min. Wa ya san shi kafin ni? Ke dai ki koma ɗaukar 'yan rawa."

Ta juya ta fita. Amma tun daga Maiyama har Jega zuciyarta na tafasa. Ba kuɗinsa take so ba, ba haƙurinsa take so ba. So take ya tsaya gaban jama'a yana rantsuwa ba mai saurare, ya ji yadda abin ke ci.

Ta shiga shafinsa na intanet tana bin hirarrakin da ya yi a wajen bikin ɗaya bayan ɗaya, mutum ne mai son jin muryarsa. Har ta kai ga inda yake cewa:

"Akwai masu cewa mutanen Jega da Aliero jakai ne, ba su san komai ba sai albasa. Ni fim ɗina amsa ce gare su."

Ta ajiye wayar, ta yi murmushin da ba na daɗi ba.

Ba a jima ba Zayyad ya shirya nuna fim ɗinsa a Jega, don gida ma a tafa masa. Ya kama wani gidan kallon ƙwallo kusa da kasuwa. Bai taɓa damuwa ya san dangin Malam Ayuba ba, don haka bai san mai gidan kallon, Abdulƙadir, shi ne mijin Zinatu ba.

Ranar kasuwa bayan La'asar wuri ya cika maƙil. Mahauta, direbobi, 'yan tireda, da manoman Aliero da suka zo ganin wanda ya ɗauki abin kunyarsu. Aka ta da janareta, aka rufe ƙofar kwano. Zayyad na gaba a kujerar roba, ya ɗora ƙafa kan ƙafa.

Talabijin ya kawo haske. Maimakon fim, sai ga fuskar Zayyad da kwat ɗinsa:

"Mutanen Jega da Aliero jakai ne, ba su san komai ba sai albasa."

Aka maimaita. Aka sake maimaitawa, da sarewa mai ban tausayi a ƙasa.

Wuri ya fashe da hayaniya. Yaro Mahauci, wani ƙato da ya fi ƙofa faɗi, ya ture benci ya miƙe. "Kai ɗan Maiyama, mi kac ce? Mu na jakai?"

Zayyad ya zabura, Hausar Kano ta gudu ta bar shi. "Wallahi ban hwaɗi haka ba! Yanke ta anka yi! Akwai magana gaba, akwai magana baya!"

"Ga bakinka shina motsi," in ji wani direba. "Aljani yay yi maganar?"

Ya juya ƙofa, mutane sun tare. Ya rantse da Allah, ya rantse da iyayensa, gumi ya jiƙa kwat. Ba wanda ya saurara.

Zinatu na tsaye bayan labulen da ke raba gidan kallo da cikin gida. Ta bar shi ya sha wuya sosai. Sai da ta ga Yaro ya kama wuyan kwat ɗin, sannan ta ɗaga murya.

"Baba Yaro, dakata! Gaskiya yaron ga ya hwaɗi. Ni niy yanke ta."

Kowa ya juyo.

"Ni ɗiyar Malam Ayuba ta Aliero. Darakta, wanga shi aka kira tacewa. Fasaha ta. Ko ba daɗi?"

Ta ɗaga wayarta, ta ci gaba.

"Cikakkiyar maganarka tana wayata. In kana son jama'a su ji ta, hito da cikakkiyar maganar ubana. In kuwa ka goge, ni ma yanzu hannuna ka zamewa in goge."

Ashe bai goge ba. Ya ciro kwamfuta daga jaka, Abdulƙadir ya jona ta da talabijin. Ga Malam Ayuba yana gyara hula, ga maganarsa da kanta da wutsiyarta: "To ka hwaɗa musu ƙarya ta! Albasarmu har bakin teku ana cin ta."

Manoman Aliero suka sunkuyar da kai. Zinatu ta cika alkawari, ta kunna cikakkiyar hirar Zayyad. Sai dai tun kafin nan samari sun ɗauki guntun farko da wayoyinsu, ya riga ya kai Maiyama. Cikakken bai bi shi da rabin gudun ba. Har yau in Zayyad ya ɗaga kyamara a ƙauyukan nan, sai a ce masa, "Jakai ba su magana." Ni kam ban tausaya masa ba.

Washegari manoman suka yi ayari zuwa gidan Malam Ayuba. Suka yi sallama, suka daɗe a tsaye kafin ya fito. Ya rame, riga ta yi masa yawa. Suka durƙusa suna neman gafara, suka ce ya dawo ya zama bakinsu.

Ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Yaron ga baƙo na, kwana kaɗan yay yi da ni. Ku fa? Tare munka yi tsufa, kun san halina, kunka zaɓi ku gaskata waya. Na yahe muku don Allah. Amma ku nemi wani bakin, nawa ya gaji."

Ya juya ya shige gida.

Darasi: Maganar mutum amana ce. Wanda ya sare mata kai da wutsiya ya yi ƙarya da bakin wani, kuma da wuƙar da ya yi yanka za a yanka shi. Mu kuma masu kallo, kada guntun bidiyo ya rushe mana shaidar shekaru. Kofin nan har yanzu yana kan teburin Zayyad, kuma ba haƙƙinsa ba ne. Ku tura labarin nan ga duk mai riƙe kyamara da duk mai shirya gasa, har ya kai kunnen waɗanda ya kamata su karɓe kofin daga hannunsa.