Bututun Sito da Makullin Malam Sallau

Ku gyara zama, ku ajiye wayoyin nan. Labari zan ba ku, kuma ba na maimaitawa. A ƙarshensa akwai tambaya, kowa sai ya amsa.

A wani gari da ke gindin duwatsu an yi wani mai walda, sunansa Malam Sallau. Ƙasar garin nan ba ta da natsuwa. Duk bayan shekara biyu ko uku sai ta motsa, kwanuka su zubo, bango ya tsage, sannan ta lafa. Sallau ya shekara arba'in yana haɗa ƙarfe, har hasken walda ya cinye masa idanu, ya koma da hannu yake duba aiki. 'Ya'yansa uku duk a shagonsa suka koyi sana'a, duk sun yi aure sun haifa: Jatau ne babba, sai Tsahare, sai Nomau. Shago ɗaya ne, kuma Sallau ya rantse ba za a raba shi ba. Mutum ɗaya zai miƙa wa makulli, sauran su bi shi.

Ana nan sai aka gina babban siton auduga a garin. A samansa aka rataye bututun ruwan kashe gobara, irin wanda in zafi ya taɓa bakunansa sai su buɗe da kansu su yi feshi. Uwar bututun ta kai kaurin cinyar ƙato, ta miƙe daga wannan bango zuwa wancan. Mai siton ya san halin ƙasar garin. In ta motsa bututun zai yi lilo, in ya yi lilo ya karye, in kuma wuta ta tashi a lokacin, babu ruwan da zai zo. Sai ya ba Sallau aikin tokare bututun.

Sallau ya tara 'ya'yansa ya ce, "Aikina na ƙarshe ke nan. Wanda hannunsa ya fi riƙe bututun nan, shi ke da makulli. Kada wanda ya zo mini da zancen wa ya riga wa zuwa duniya."

Tsahare ce ta fara. Jatau ya riga ya jawo dogayen ƙarafa sirara, irin waɗanda suka saba kafa tankin gida da su. Ta dube su ta ce ba za su yi ba, domin nauyin bututu wofi aka auna. Ta yanko guntunsa kamu biyu, ta toshe, ta cika da ruwa, ta kai kan sikelin masu hatsi. Nauyi ya kusa ninkawa. Ta dawo ta tsayar da dogon ƙarfen nan a gaban 'yan'uwanta, ta danna shi da jikinta, ya lanƙwashe. Ta tsayar da gajere mai kauri, su uku suka taru a kansa, bai gusa ba.

Jatau ya ce, "Ke da ba ki taɓa hawa tsanin nan ba, ke za ki zaɓa mana ƙarfe?"

Ta ce, "Yaya, kai da ka hau, me ka gano a can ban da yanar gizo?"

Ita ta tsara komai. Inda bututu ya yi kusa da rufi, gajeren ƙarfe mai kauri a karkace, wanda zai jure turi ya jure ja. Inda ya yi nisa, igiyar waya, kuma biyu-biyu suna fuskantar juna, domin igiya ja kawai ta sani. Wasu su hana lilo gefe da gefe, wasu su hana bututun zamewa ta tsawonsa. Kwana shida tana yawo a siton tana zana wa kowanne gurbinsa da alli. Sallau ya shafa ƙarafan da ta zaɓa ɗaya bayan ɗaya. A ransa ya ce makulli ya sami mai shi.

Sai Jatau ya hau sama don ya kafa su. Bai yarda da allin ƙanwarsa ba sai da ya bi kowane gurbi yana ƙwanƙwasawa da guduma, kunnensa manne da bango. A wuri tara ya ji ƙarar holoƙo. Ba kankare ba ne, yaɓe ne aka shafa a kan bulo. Ya ƙi kafa ko ƙusa a nan. Ya matsar da su zuwa ginshiƙan gaskiya, Tsahare ta sake awo a kan haka. Wutar lantarki ta ɗauke, ya ci gaba da huda kankare da hannu, kwana goma sha ɗaya. Duk notin da ya kafa sai ya rataya masa buhun yashi biyu, sannan ya kama igiyar ya rataya da kansa. Uku suka fizge. A na ukun ya faɗo ya goce a wuyan hannu, ya ɗaure da tsumma ya koma sama kafin azahar. Sallau ya sa aka riƙe masa tsani, ya hau, ya girgiza kowane noti. Da ya sauko, zuciyarsa ta rabu biyu.

Nomau kuwa, abin da ya yi sai da 'yan'uwansa suka yi masa dariya. Akwai inda bututun ya ratsa bango daga tankin ruwa da ke waje zuwa cikin sito. Ya ce ranar da ƙasa ta motsa, bango da bututu ba tare za su motsa ba, in suna manne bango zai datse bututu. Ya faɗaɗa ramin, ya bar sarari faɗin tafin hannu kewaye, ya sa mahaɗa masu roba ciki da waje don bututun ya sami wurin rausaya. Tsahare ta ce, "An kira mu mu ɗaure, kai kana kwancewa." Ya ci gaba da aikinsa.

Amma a garin nan magini ba ya barin rami a siton auduga, saboda ɓera. Abin kunya ne gare shi. Malam Ilu magini ya zo ya cike ramin da siminti. Nomau ya fasa. Ilu ya sake cikewa, Nomau ya sake fasawa. Karo na uku Ilu ya jira an tafi masallacin Juma'a, ya cike, ya shafe da farar ƙasa yadda ido ba zai gane ba. Nomau ya zura tsinken waya ya ji tauri, ya ɗauko guduma.

Ilu ya ce, "Kai ɗan Sallau, ɓera zai shiga, a ce aikina ne!"

Nomau ya ce, "Malam Ilu, ɓera in ya shiga auduga zai ci. Ni mutanen ciki nake ji."

Ya toshe sararin da ragar waya mai laushi, ya kawo tabarma ya zauna a gindin bangon kwana huɗu, har Ilu ya kwashe kayansa ya bar wurin. Sallau ya zura hannu cikin ramin, ya daɗe bai fitar ba.

Aka gama aiki, aka cika sito da auduga, Sallau bai yanke hukunci ba. Wata ranar Laraba da hantsi ya shiga siton da sandarsa, ya ƙudura ba zai fito ba sai da suna ɗaya a bakinsa. Yana tsakiya ƙasa ta motsa, irin motsin da tsofaffin garin ba su taɓa gani ba. Dilolin auduga suka rufto suka toshe ƙofa. Wayar lantarki ta tsinke, wuta ta kama. Mutum ashirin da uku ne a ciki, har da shi.

Jama'a na salati suna neman hanya, Sallau ya tsaya cak ya kasa kunne sama. Ya ji ƙarafa suna kuka, ya san na Tsahare ne suke jure nauyi. Ya ji kankare yana zubo da gari, ya jira ƙarar fizgewar noti, bai ji ba. Ya ji bangon gabas ya tsage, daidai inda ramin Nomau yake. Hayaƙi ya cika masa ƙirji, ya durƙusa. Sai ruwa ya sauko masa a ƙeya. Ya yi ta zuba har wuta ta mutu, aka janye diloli, aka fito da su duka da ransu.

Da aka duba, ko ƙarfe ɗaya na Tsahare bai lanƙwashe ba. Ko noti ɗaya na Jatau bai fita ba, wurare taran nan da ya ƙi kuwa duk sun zube ƙasa. Bangon gabas ya goce yatsa uku, ragar Nomau ta matse, bututu ko ƙwarzane babu.

Da la'asar Sallau ya zauna a ƙofar shago, makulli a tafin hannunsa, 'ya'yansa uku a gabansa. Ya shiga lissafi a ransa: da ƙarafa sirara aka sa, da sun lanƙwashe komai ƙarfin noti. Da a kan yaɓe aka kafa, da zaɓin Tsahare ya faɗo tare da bututun. Da simintin Ilu ya zauna, da bango ya datse ruwa tun daga bakin sito, ƙarafa su yi ta riƙon bututun da babu komai a cikinsa.

Kada wanda ya ce mini a raba shago, na gaya muku mutumin ya rantse. Kada kuma in ji zancen wannan babba ne, ko wannan mace ce. Aiki za ku duba. To, tsakanin wadda ta zaɓa, da wanda ya kafa, da wanda ya bar sarari, a hannun wa Malam Sallau zai sa makullin?