Maɓallin Iska da Ya Ƙi Motsi

Akwai wani saurayi mai suna Zakka, wanda ƙafarsa ba ta san zama ba. Ya bar ƙauyensu ya tafi kudu yana tuƙa wa masu hali mota, daga wannan gari ya faɗa wancan, har shekara tara. Ran da ya dawo sai da ya tambayi hanyar gidansu. An sare tsamiyar bakin kasuwa. Kwalta ta ratsa filin da suke buga ƙwallo. Majami'ar laka ta zama ta bulo, har da lasifika a kanta. Ƙanwar da ya bari tana tallan gyaɗa ga ta goye da ɗa na biyu. Mahaifinsa kuwa ya yi wata takwas a kabari, saƙon bai same shi ba domin ya sake lambar waya sau uku. Zakka ya tsaya a tsakar gida da jaka a kafaɗa, ya kasa ko zama.

Tsohuwar motar mahaifin nasa ce kaɗai ya tarar yadda ya san ta, a ƙarƙashin rumfa. Da yake ba ya iya zaman makoki da hannu biyu a cinya, sai ya faɗa mata da gyara. Cikin kwana biyu ta tashi, har esi, na'urar sanyaya mota, ya kama. Abu ɗaya ne ya gagara.

A gaban motar akwai wani ɗan maɓalli da ake turawa. In an tura shi hagu, iskar waje ce ke shigowa. In an tura dama, mashigar ta rufe, iskar ciki ta yi ta juyawa har mota ta yi sanyi ƙarara. To, wannan maɓalli ya kafe a hagu. Zakka ya ɗiga masa mai, ya ƙwanƙwasa shi da gindin sukudireba, bai motsa ba. Ya zaci wayar da ke jan sa ce ta yi tsatsa, ya kwance ya duba, lafiyarta lau. Sai ya cire aljihun gaban motar, ya haska da fitilar wayarsa, ya zura hannu har gwiwa. Can ciki ya taɓo ɗan marfin da ke rufe mashigar iska. An tokare shi a buɗe da guntun icce fiƙaƙƙe, an kuma ɗaure da waya. Ba aikin ɓera ba ne, hannun mutum ne.

Mahaifiyarsa Damaris tana gefe tana tsintar wake. Ta ce, "Zakka, babanka ya ce kada kowa ya taɓa wurin nan."

Ya tambaye ta dalili. Ta ce bai faɗa mata ba, ita ma ba ta tambaya ba, amma shekara arba'in suna tare ba ta taɓa ganin ya ɗaure abu a banza ba.

Zakka ya yi dariya. "Mama, Baba manomi ne, ba bakanike ba. Motocin da na tuƙa, ko a mafarki bai gan su ba." Ya fizge iccen ya jefa a murhu. Maɓalli ya tafi dama sumul.

Ranar Asabar akwai taron zumuntar mata a wani gari mai tafiyar awa ɗaya da rabi, ya ce shi zai kai ta. Ta sha atamfar zumunta, ta zauna a baya da cakinta na kaɗa waƙa a hannu. Zafin bazara ake yi tun da safe. Ya ɗaga gilasai duka, ya tura maɓallin dama, ya rataya turaren mota da ya zo da shi daga birni. Ta yi ta rera waƙar da za su yi a taron. Can sai muryarta ta yi ƙasa, daga nan ta yi shiru. Zakka ya yi murmushi, a ransa ya ce sanyi ne ya yi mata daɗi.

Sai kansa ya fara sarawa. Hanya ta soma rabuwa biyu a idonsa. Ya ji caki ya faɗi ƙasa. Ya kira ta, ba amsa. Ya sake kira. Da ya waiga, ga kanta ya lanƙwashe a kafaɗa, baki a buɗe.

Ya taka birki, ya buɗe ƙofa, ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Da rarrafe ya jawo ta zuwa gindin wata bishiya, yana ta kiran sunan Yesu. Wani mai akori-kura ne ya tsaya ya kai su asibiti. Sai da rana ta karkata ta buɗe ido. Likita ya ce hayaƙin mota ne, da sun ƙara minti goma sha biyar a hanya da ba a asibiti za a kwantar da su ba.

Washegari, bayan an jawo motar gida, Baba Gayus mai walda, aminin marigayin, ya zo dubiya. Da ya ji labari bai yi faɗa ba, sai ya sa Zakka ya kwanta a ƙarƙashin motar. Salansa, wato bututun hayaƙi, ya tsage daidai ƙasan kujerar baya, tsatsa kuma ta huda ƙasan motar a wurin. Tsohon ya ce sau biyu yana liƙe salansan, har ƙarfen ya daina karɓar walda. Sabo kuwa sai birni, kafin a je ciwo ya kwantar da mai motar. Amma marigayin ya lura muddin iskar waje tana shigowa, tana tura hayaƙin waje, in aka rufe sai ya taru a ciki.

"Ya ce mini, 'Gayus, ba zan iya tsare kowane hannu ba, bari in tsare ƙofar.' Ni na ara masa wuƙar da ya fiƙe iccen."

Zakka ya fito daga ƙarƙashin motar, ya zauna a ƙasa. 

Ran da aka sallamo mahaifiyarsa, ya fiƙe wani icce da hannunsa ya mayar, ya damƙa mata makulli. Sa'an nan ya shiga ɗaki ya fara cusa riguna a jaka, ya ce birni za shi neman salansa. Ta tsaya a bakin ƙofa tana dafe da bango.

"Wannan karon kwana nawa?"

Ya ce uku. Ta dube shi, ta dubi jakar, ta tafi ɗora masa ruwan wanka.

'Yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Motar ita ce rayuwar da aka bar mana gado. Mahaifin shi ne Ubanmu na sama, wanda yake ganin tsagar da ke ƙarƙashi, inda idonmu ba ya kaiwa. Iccen kuwa umarninsa ne, da kowace ƙofa da muka tura a rayuwa ta ƙi motsi. Mu matasa da muka ga gari, da zarar abu ya ƙi bin hannunmu sai mu ce ya lalace. Wani abin ya lalace ɗin, a gyara shi. Amma wani riƙe shi aka yi, saboda ƙauna. Zakka ya ga alamar hannu a jikin iccen, an kuma gargaɗe shi, ga wanda ya san dalili a cikin gari, bai je ya tambaya ba. Zunubi ma haka yake shigowa, da sanyi da ƙanshi, har mutum ya yi murmushi. Kafin ka fizge abin da Uba ya ɗaure, durƙusa ka tambaye shi, ka kuma waiga baya. Ba kai kaɗai ba ne a cikin motar.