Kyautar Watan Sha'aban

An yi wani mutum ɗan Maraɗi, mai shagon atamfa da leshi a unguwar Al Buteen ta Dubai. Ba mugu ba ne, ya 'yan uwa. Cikin talauci ya tashi, kuma har ya yi arziki tsoron talaucin bai sake shi ba.

A lokacin Dubai ba ta karɓar harajin riba, sai ya saba da daɗin haka, har zakka ta fara yi masa nauyi. Shekarar jarinsa a watan Azumi take cika. Don haka duk Sha'aban sai ya kira abokansa biyu, a gabansu ya ce ya ba matarsa Hadijatu kayan shagon kaf, kyauta. Bayan Sallah ta mayar masa. Shekara ba ta cika a hannunsa ba, ba ta cika a nata ba, shi ke nan wai babu zakka.

Hadijatu ba ta son abin. Ta ce, "Alhaji, kwastan ake yi wa wannan wayon, ba Allah ba."

Ya ce, "Khalas, ya isa, Hajiya. Ni da ke ai ɗaya ne."

A shekarar 2007 ya yi kyautarsa kamar kullum. Ana tsakiyar Azumi ciwon ciki ya kwantar da ita, kafin Sallah ta rasu. Ya yi kuka kamar yaro, don yana sonta da gaske.

Sai gado ya taso. Tana da ɗa da mijinta na farko, iyayenta kuma suna raye. Ya rantse jarin nasa ne. Wa zai saurare shi? Abokan nan biyu, suna sunkuyar da kai don tausayi, suka faɗi abin da suka ji da kunnensu. Aka ba shi rubu'i, kason miji, abin da ko hayar shagon bai riƙe ba. Yanzu dakon kaya yake yi wa masu kargo, yana kwana a Sonapur, unguwar leburori, ba mata, ba shago.

Ya gudu kada ya ba da ɗaya cikin arba'in, ya ba da uku cikin huɗu da bakinsa.

Ya 'yan uwa, dukiyar miji daban, ta mata daban, kowa ya fitar da hakkin tasa. Wanda ya san abin da ke cikin ƙirji ba a kai masa shaidu.

Allah ya jiƙan Hadijatu, ya yafe wa bawan nan nasa, ya kiyaye mu daga wayon da ke cin mai shi.