Sunan da Dela Ba Ta Taɓa Kira Ba

Akwai wata mata a garin Roni mai suna Dela, sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. 'Ya'yanta biyar, amma in ka wuni a gidanta sai ka rantse huɗu ne, domin sunan babbar ba ya fitowa daga bakinta.

Fanna ce babbar, 'yar fari. Ga ta 'yar fari, ga ta kuma ta ci sunan surukar Dela, wato mahaifiyar mijinta Halliru. Kunya biyu ke nan a kan yarinya ɗaya. Shekara goma sha biyar, daga "ke" sai "waccan". In Fanna ta yi abin kirki, Dela ta kau da kai. In ƙannenta suka yi rabinsa, har guɗa take yi musu.

Kada ku ce ba ta sonta. Tana sonta fiye da yadda za ta iya faɗa. Haka dai ta taso ta ga an yi mata, matan unguwa kuma suna yaba mata da kara, ita ko tana jin daɗin yabon.

Fanna ta taso shiru-shiru, kullum kai a ƙasa. A aji ta san amsa amma ba ta ɗaga hannu. Sai an raba takardun jarrabawa a ga ita ce a gaba.

Da ta kai aji uku na ƙaramar sakandare, malamarsu ta lissafi, Malama Lydia, ta ba ta fom na jarrabawar shiga makarantar kimiyya ta 'yan mata. Za a rubuta a Kazaure, ranar Alhamis kuma za a rufe karɓa. Ran Litinin da la'asar malamar ta tako har gida don ta yi wa iyayen bayani.

Ta tarar da Dela tana matsar tunkuza, surukarta Iya na zaune a kan tabarma da maƙwabta biyu. Bayan gaisuwa malamar ta shiga yabon Fanna, ta ce shekararta tara tana koyarwa ba ta ga kai irin na yarinyar nan ba.

Daɗi ya cika Dela. Amma ga suruka, ga baƙi. Sai ta yi abin da ta san ana yi.

"Waccan? Haba Malama, ai ba ta iya komai ba. Ko tuwo ba ta gama iya tuƙawa ba."

Matan suka yi dariya, kowa ya san magana ce ta kunya. Kowa, ban da mutum ɗaya. Fanna na bayan zana tana tankaɗe, ta ji komai.

Ran Laraba da safe Dela ta jawo tsofaffin takardun da take naɗe ƙuli da su. Ta ɗauki ɗaya za ta yaga, sai ta ga fuska tana kallonta. Hoton fasfo ne na Fanna, manne a jikin fom, an cike shi tsaf da rubutunta mai kyau. Har mai ya fara taɓa gefensa.

Ta kira Fanna ɗaki da "ke" ɗin da ta saba, ta tambaye ta me ya kawo takardar makaranta cikin takardun ƙuli.

Fanna ta durƙusa, ba fushi a muryarta, ba kuka.

"Inna, Malama shekara biyu ta san ni. Ke kuwa ke kika haife ni. Tunda kin ce ban iya komai ba, gara kada a wahalar da Baba zuwa Kazaure a banza."

Maganar ta daki Dela a ƙirji. Ita duk zatonta yarinyar ta san wasan, ta san yadda ake karanta shirun uwa. Ashe babu wanda ya taɓa koya mata. Abin da ta ji da kunnenta shi ta ɗauka, shekara goma sha biyar tana ɗauka tana tarawa.

Dela ta tashi. Ta sauko da jeren kwanukan aurenta daga saman kabad, ta buɗe babbar kwalla ta can ƙasa, wadda ba a taɓa zuba abinci a cikinta ba. Takardu ne a ciki, a naɗe cikin ɗankwali. Sakamakon jarrabawar Fanna ne tun daga aji ɗaya na firamare, ko ɗaya bai ɓata ba.

Dela ba ta yi boko ba, amma ta san lamba ɗaya in ta gan ta. Ta ce duk ƙarshen zango sai ta jira gida ya yi shiru da hantsi, ta fito da su ta duba, ta mayar.

Fanna ta kalli takardun, ta kalli mahaifiyarta. Ta ce a hankali, "To me ya sa ba ki taɓa faɗa mini ba?"

Dela ta ɗauki fom ɗin. Ta goge man da ke jikinsa da gefen zanenta, ta yafa mayafi, ta fito tsakar gida. Iya na wurin zamanta, maƙwabtan nan biyu sun zo sayen mai. Dela ta tsaya, ta buɗe baki, sunan ya maƙale kamar ƙayar kifi. Ta sake gwadawa.

"Fanna. Ɗauko hijabinki ki raka ni makarantarku."

Ɗaya daga cikin matan ta kama haɓa. Iya ta ajiye carbi ta ce, "Dela, yau kuma sunana ne a bakinki tsirara?"

Dela ta rusuna. "Ki yafe ni, Iya. Kunyarki na nan yadda take. Amma na ga tana neman cinye mini 'ya."

Tsohuwar ta dube ta, ta ce ai gara a kira sunan da a bar mai shi ta lalace, su tafi kada rana ta yi.

A ofishin makaranta Dela ta dangwala yatsa a fom. Ta dubi Malama Lydia ta ce ta zo ta janye maganar shekaranjiya, 'yarta ta iya, kuma ita ta riga kowa sani. Fanna na tsaye a gefe, karon farko kanta a ɗage.

Unguwa ta yi surutu, an ce Dela ta zubar da kara. Ta bar su da bakinsu. Daga ranar ta ɗauki wata ɗabi'a: kullum in Fanna ta dawo sai ta ajiye aiki ta tambaye ta abin da aka koya, ko da ba ta gane ba. In ta yi daidai ta faɗa mata a gaban kowa, in ta yi kuskure ta ja ta ɗaki.

Ranar jarrabawa Halliru ya kai ta Kazaure a babur. Sakamako ya fito, ta ci. Da za ta tafi makaranta, Dela ta ba ta kwallar nan da takardun ciki, ta ce ta ci gaba da tarawa da kanta.

Fanna ta mayar mata. Ta ce, "Ki ajiye, Inna. Ni yanzu na san abin da ke ciki."

Darasi: Kunya ado ce, amma yaro ba ya jin abin da ke ɓoye a zuciya, abin da baki ya furta yake ji. Uwa, ke ce madubin farko da 'yarki ke duba kanta a ciki. Ki kira sunanta, ki yaba mata tana ji, tun kafin ta yarda cewa ita ba komai ba ce. Ku tura wa iyaye mata, musamman masu 'yar fari a gida.